Gidan tarihin 'yan fasa-ƙwauri, busasshiyar bishiya a Yamai, da abin da ya rage wa Jibiya

 Ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Idan aka ce gidan tarihi, yawancinmu abin da ke faɗo mana a rai shi ne takubba, sulke, tsofaffin tukwane, da hoton wani Bature mai hular kwano. Irin wanda ake kai yara 'yan firamare su sha rana su dawo. Ba laifi, muna da masu kyau: Gidan Makama a Kano, da na Katsina da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Horon Malamai, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Amma a duniya akwai gidajen tarihin da in ka ji abin da suka ajiye sai ka riƙe baki. A Delhi ta Indiya akwai na masai, i, masai dai da ka sani, wanda Bindeshwar Pathak ya kafa a 1992. A Zagreb ta ƙasar Kuroshiya akwai na soyayyar da ta watse, inda mutane ke kai kayan tsofaffin masoyansu haɗe da ɗan labari. A Japan akwai na taliyar nan ta minti uku, kakar Indomie, wadda Momofuku Ando ya ƙirƙiro a 1958. Waɗannan na bar muku su, intanet cike take da hotunansu.

Ni waɗanda suka fi ɗaukar hankalina su ne na bakin iyaka, don duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ya bi ta Magama ya tsallaka Ɗan Isa, zai ji kamar labarin gidansu ake ba shi.

A ƙasar Suwizalan, a bakin tafkin Lugano, dab da iyakar Italiya, akwai wani tsohon ofishin masu tsaron iyaka da aka mayar gidan tarihin kwastam. Yawancin masu zuwa a jirgin ruwa suke isa wurin. Mutanen yankin ma sun fi kiransa gidan tarihin 'yan fasa-ƙwauri, saboda abin da ke jan baƙi shi ne dabarun ɓoye kaya: akwati mai ciki biyu, takalmi mai rami a dunduniya, da ire-irensu. To ga inda labarin ya yi daɗi. Daga wajen 1943 zuwa 1947, babban abin da ake tsallakawa da shi daga Italiya zuwa Suwizalan shi ne shinkafa. Shinkafa fa! Har suna kiran wannan lokaci zamanin shinkafa. Talakawan ƙauyukan kan dutse ne ke goya buhu a baya cikin dare, su naɗe ƙafafunsu da tsumman buhu don kada a ji takunsu. Daga baya harkar ta juya, aka koma ɗaukar taba sigari da gahawa daga Suwizalan zuwa Italiya, don a can sun fi araha.

Ka ga ke nan abin ba halin wata ƙabila ba ne. Duk inda aka ja layi, farashi ya bambanta tsakanin nan da can, ga kuma talauci, to sai an sami mai goya buhu.

A Berlin kuwa ba kaya ake ɓoyewa ba, mutane ne. An gina katangar da ta raba birnin a 1961, shekara ɗaya bayan haka Rainer Hildebrandt ya fara tara abubuwan da mutane suka tsere da su daga gabas zuwa yamma. Yau gidan yana kusa da shingen nan da ake kira Checkpoint Charlie. Za ka ga ƙananan motoci da aka yi wa maɓoya, mutum ya naɗe a ciki kamar tabarma. A Faransa ma akwai gidan tarihin kwastam a Bordo tun 1984, sannan a Faris akwai na kayan jabu tun 1951, inda ake jera na gaske kusa da na bogi a ce ka bambance. Wannan kam da a Kantin Kwari aka buɗe reshensa, da ba a rasa ƙwararrun masu yi wa baƙi bayani ba.

Amma ba sai ka nemi bizar Turai ba. Tsallaka Jibiya, ka wuce Maraɗi, ka miƙe yamma fiye da kilomita 600 zuwa Yamai. Gidan tarihin ƙasa na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, shi kansa abin mamaki ne: gidan tarihi ne, gidan namun daji ne, kuma wurin masu sana'ar hannu ne, maƙera da dukawa na aiki kana kallo. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun miliyoyin shekaru, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin yankin Agadas, har da wani jibgegen kada. Sai kuma ɗakin da aka gina wa busasshiyar bishiya guda.

Bishiyar Tenere ke nan. Itaciya ce mai ƙaya, dangin bagaruwa, tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada, babu wata bishiya kusa da ita sai ka yi doguwar tafiya. Ayarin raƙuma masu ɗauko kantun gishiri daga Bilma zuwa Agadas da ita suke gane hanya, kuma Buzaye ba sa saran reshenta ko don dafa shayi. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ɗan Libiya ya banke ta. Ku duba fa, fili fetal ko'ina, bishiya ɗaya tal, ita ya samu. Gwamnatin Nijar ta ɗauko gawarta ta kai Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. A wurina wannan ta fi duk wani abin mamaki na Turai, don an gane cewa abin da talaka matafiyi ya dogara da shi ma tarihi ne, ba sai kayan fada ba.

Yanzu mu dawo gida. Wannan layi da ya raba Katsina da Maraɗi, Ingila da Faransa ne suka yi ta jansa a takarda tun 1890, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa alamomi tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Alhali sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka yi arewa bayan jihadi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. A zamaninmu kuma mun ga an rufe boda a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ta Jibiya zai ratsa. Duk ranar da jirgi ya fara jigila, rayuwar bakin bodar nan za ta sauya, kuma kayan da ake gani yau za su tafi hannun 'yan gwangwan.

Da za a ba ni ɗaki biyu a Magama, na san abin da zan zuba. Babur ɗin da aka ƙara wa ƙarfe don ya ɗauki buhuna. Jarkokin fetur na zamanin tallafi. Tsohuwar fijo da aka ɗaga wa baya. Teburin ɗan canji, da allon da zai koya wa baƙo lissafin sefa, ya gane dala ɗaya sefa biyar ce, jaka ɗaya kuma sefa dubu. Tsofaffin kakin kwastam na ƙasashen biyu. Sai muryoyi: a ɗauki maganar tsofaffin direbobi, da mata masu abinci a tasha, da jami'an da suka yi ritaya, tun suna raye.

Na san wani zai ce ai wannan kambama laifi ne. Ban yarda ba. Na Suwizalan hukumar kwastam ce da kanta ke riƙe da shi. Kuma ɗakin da zai faɗi gaskiya dole ya nuna ɗaya fuskar: rayukan da aka rasa a guje-gujen mota a kan hanyar nan, manomin shinkafar gida da 'yar waje ke karya wa kasuwa, da makaman da ke bin ɓarauniyar hanya su ƙare a hannun 'yan bindigar da suka hana mutanen Jibiya barci. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fi wanda aka yi wa wa'azin minti biyar fahimta.

'Yan Jibiya, Magama, Ɗan Isa da Maraɗi da ke bin mu, ku faɗa mana: wane abu guda ne a gidanku ko a tasharku kuke ganin ya cancanci shiga wannan ɗaki? Sai mun ji ku a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.