Mutum-mutumi mai rikiɗa

Idan kaka ta yi, aka yanke hatsi aka kai rumbu, kara ne ke saura a gonaki. A lokacin nan yaran Afala ba su rasa abin yi. Wani ya ɓare kara, ya fid da totuwa, ya haɗa mota. Wani ya tanƙwara waya. Wani ya gina raƙumi da laka. Da yawa suna kwaikwayon manyan motocin da suka gani a Tawa, masu bin hanyar Agadas da Arlit.

A ƙasar Japon ma yara suna haɗa abin wasa da hannunsu. Nasu na roba ne. A kwali ake sayen shi, guntu-guntu, yaro ya zauna ya harhaɗa. Ɗaya daga cikin waɗanda suke so shi ne mutum-mutumi mai rikiɗa: yanzu yana tsaye da ƙafa biyu, an jima an naɗe shi ya koma jirgin sama. Yau za mu ga yadda ake yin shi, da abin da ya haɗa shi da motar kara.

1. Daga ina ya fito?

Mutanen Japon gwanaye ne wajen yin fim na zane. Suna zana hotuna masu yawa, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa. In aka nuna su da sauri, sai a ga kamar suna motsi. Irin wannan fim suna ce da shi anime.

A shekarar 1979 aka fara nuna wani fim a telebijin mai suna Gundam. Labarin wani ƙaton mutum-mutumi ne na ƙarfe, wanda wani saurayi yake shiga cikinsa yana tuƙa shi. A labarin, tsawonsa metir 18 ne. A watan Yuli na 1980 kamfanin Bandai ya fitar da ƙaraminsa na roba. A lokacin kuɗinsa yen 300 ne, wato kuɗin Japon. Yara suka yi ta layi a bakin kantuna don su saya.

A 1982 aka fito da wani fim, Macross. Wani matashi mai suna Shoji Kawamori ya zana masa jirgin yaƙi, ana kiran shi Valkyrie. Kama uku gare shi. Yana zama jirgi sosai. Yana zama jirgi mai ƙafafu da hannuwa. Yana kuma miƙewa tsaye kamar mutum. Shi ma aka yi ƙanananshi na roba.

Waɗannan manyan mutum-mutumi na cikin labari ne kawai. Amma aikin haɗa ƙananan aiki ne na gaske, mai bukatar ido da lissafi.

2. Me ke cikin kwalin?

In ka buɗe kwalin ba za ka ga mutum-mutumi ba. Za ka ga wasu firam na roba, masu kama da ƴar taga. A jikin kowane firam akwai guntaye a manne, kamar ƴaƴan itace a reshe. Ga rabin kai, ga tafin hannu, ga fiffike. Kowane firam yana da harafi, kowane guntu yana da lamba: A1, A2, B7. Akwai kuma takarda mai hotuna, wadda ke nuna abin da za a fara da abin da zai biyo.

Yaya aka yi guntayen? Kun taɓa ganin maƙeran da ke zuba tukwane a kasuwa? Suna narka ƙarfe, su zuba shi a gurbin da suka yi cikin yashi. In ya huce, sai ga tukunya. Haka ake yi da roba. Ana narka ta, inji ya tura ta da ƙarfi cikin wani gurbi na baƙin ƙarfe. Gurbin yashi sau ɗaya ake aiki da shi, a fasa. Na ƙarfe kuwa yana fitar da firam dubbai, duka iri ɗaya.

Garin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Shizuoka, kusa da dutsen Fuji. Tun da can garin masassaƙa ne. Kamfanin Tamiya na garin da katako ya fara yin ƙananan jirage, kafin ya koma roba wajen 1960. Ashe su ma da itace suka soma, kamar yadda muka soma da kara.

3. Yadda ake haɗawa

Da farko a karanta takarda tun daga sama har ƙasa. Sa'an nan a nemi guntun da ta ambata, a yanke shi da ɗan almakashi. Ba a fizge shi da hannu, don yana iya tsagewa. Wurin da aka yanke yana barin ɗan ƙullutu. A goge shi da magagari ko takarda mai kaushi har ya yi sumul. In ba a goge ba, guntaye biyu ba za su haɗu daidai ba.

Na farko-farko launi ɗaya gare su. Sai an shafa gam, an kuma yi fenti. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka yawaita yin waɗanda ba su bukatar gam. Guntu ɗaya yana da ɗan tsinke, ɗayan yana da rami. In aka danna, sai su kama juna.

Ba a yanke guntaye duka a lokaci ɗaya. Lambar tana jikin firam ne, ba a jikin guntu ba. Wanda ya yanke su duka ya tara, ba zai gane na dama da na hagu ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

4. Asirin rikiɗa

Babu tsafi a ciki. Asirin yana wurin gaɓoɓi. Ku taɓa jikinku, za ku sami iri uku. Gwiwa tana naɗewa gefe ɗaya, kamar ƙyauren ɗaki. Wuya yana juyawa dama da hagu. Kafaɗa kuwa tana zagayawa ko'ina, don kan ƙashin dunƙule yake, yana zaune cikin gurbi. Ranar layya ku duba ƙashin cinyar rago, za ku ga irin wannan dunƙulen.

Masu ƙera mutum-mutumi sun kwaikwayi waɗannan gaɓoɓi uku. Sa'an nan sun ba guntu ɗaya aiki biyu. A jikin Valkyrie, injinan jirgin su ne ƙafafu. In za a mai da shi jirgi, a miƙe ƙafafu baya, a ɓoye hannuwa tsakaninsu, a buɗe fukafukai. Gaɓa tana son daidaito. In ta yi sako-sako, mutum-mutumi ya faɗi. In ta yi tsauri, ta karye.

5. Ma'auni

An yi ƙaramin Gundam na farko a kan 1/144. Wannan shi ne ma'auni. A darasin Faransanci za ku ji ana ce da shi échelle. Ma'anarsa, an raba tsawon kowane sashe gida 144, an ɗauki ɗaya.

Mu lissafa. Metir 18 santimetir 1800 ke nan. In muka raba 1800 da 144, za mu sami santimetir 12 da rabi. Bai kai tsawon sabon fensir ba.

Dokar ita ce: lamba ɗaya ake raba kome da ita, kai da ƙafa da fiffike. Shi ya sa ƙaramin yake kama da babban. Motar kara ma haka take. In ƙafafunta suka yi mata girma, kowa zai ce ba ta yi kama da mota ba. Da wannan doka magini yake karanta zanen gida. Da ita aka sa ƙasar Nijar duka a taswirar da ke bangon aji.

Yaron Japon yana samun guntayensa a shirye. Yaron Afala shi ke neman kara, shi ke aunawa, shi ke yankewa. In ya ƙara da lissafi, ya kama hanyar zama gwanin sana'a.

Kalmomi
Rikiɗa: sauya kama.
Totuwa: farin abu mai taushi na cikin kara.
Gaɓa: wurin da sassa biyu suka haɗu suna motsi.
Magagari: ƙarfe mai kaushi na goge abu.

Tambayoyi
1. Kama nawa Valkyrie yake da su?
2. Don me ba a yanke guntaye duka a lokaci ɗaya?
3. Ku faɗi gaɓoɓi uku na jikinku da yadda kowace take motsi.
4. A ce tsawon mota metir 12 ne, tsayin ƙafarta metir 1. Da ma'aunin 1/50, santimetir nawa ne kowane?

Aiki
Ku kasu biyar-biyar. Ku zana motarku a allo, ku rubuta awon kowane sashe. Ku haɗa ta da totuwa da sille. Ku kafa kara biyu a gefenta da ƙayar aduwa, yadda za su riƙa juyawa. In an kwantar da su, mota ce. In an sauke su, ta tsaya da ƙafa biyu. Ku yi hankali, sille yana yanka hannu. Kada ku bar ƙaya inda ƙannenku suke rarrafe.