Tsabtace Bakin Mahaɗin Zaren Haske: Nazari Daga Oshodi, Legas

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin sadarwa huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, watau SAT-3 da MainOne da WACS da ACE, suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kodebuwa. Nan take intanet ya yi rauni a Nijeriya, harkar bankuna ta cije, kuma babu gidan rediyon da bai ba da labarin ba. Haka nan idan katafila ta tsinke waya a wurin aikin titi, kowa yakan gani. Amma akwai wata ɓarnar da ba a shelanta ta, domin ido ba ya ganin mai yin ta, ita ce ta dattin da ke hawa bakin waya a daidai inda ake haɗa ta da 'yar'uwarta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan datti yake hana saƙo wucewa da kuma yadda ake kawar da shi, tare da ɗaukar misali daga Oshodi da unguwannin Hausawa na kusa da ita, kamar Agege.

2.0 Zaren Haske da Mahaɗinsa

Ma'aikata kan kira wannan waya “faiba”, su kira abin da ake ɗaura mata a baki “konekta”. A wannan maƙala an zaɓi “zaren haske” da “mahaɗi”, saboda su ne suka fi nuna aikin abin ga mai jin Hausa. Zaren haske siririn gilashi ne wanda saƙo ke bi ta cikinsa da siffar walƙiyar haske, a maimakon wutar lantarkin da ke bin wayar tagulla. Kaurin gilashin maikiron 125 ne, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A tsakiyarsa akwai ɓargo, wanda shi kaɗai ne hanyar haske. A irin zaren da kamfanonin sadarwa ke ja zuwa nesa da kuma cikin gidaje, faɗin ɓargon bai wuce maikiron 9 ba. Silin gashin ɗan'adam ya ninka shi sau da dama.

Yana da kyau a tuna cewa tun asali a kan tsabta aka gina wannan fasaha. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Ingila, suka nuna cewa gurɓatattun abubuwan da ke cikin gilashi ne suke cinye haske, kuma idan aka tace su gilashi zai iya kai saƙo nesa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya samar da zaren da asararsa ta yi ƙasa da desibel 20 a kilomita ɗaya, Kao kuwa ya sami kyautar Nobel a 2009. Desibel shi ne ma'aunin asarar haske, kuma duk desibel 3 na nufin rabin hasken ya salwanta. Zaren zamanin nan yana asarar kimanin desibel 0.2 ne kawai a kilomita. Cikin gilashin dai an gama da shi tun daga masana'anta. Wurin da ya rage a buɗe ga hannun mutum da iskar gari shi ne bakinsa.

Shi mahaɗi wani ɗan bututun tangaran ne da aka zura zaren a ciki, aka goge fuskarsa sumul. Kaurinsa milimita 2.5 ne a nau'in SC, 1.25 a nau'in LC. Idan aka haɗa biyu, wani ɗan sifirin yakan danna fuska da fuska har gilashi ya taɓa gilashi ba tare da iska a tsakani ba. Mai shuɗin kai fuskarsa a miƙe take, mai koren kai kuwa an karkata ta da digiri 8, don haka ba a haɗa shuɗi da kore.

3.0 Ɓarnar Datti

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙwayar ƙura guda, wadda ba a ganin ta ko da rana tsaka, tana iya rufe wani sashe na ɓargon, hasken da ya iso wurin ya tare. Ko da ba a kan ɓargon ta sauka ba, takan hana fuskokin biyu haɗuwa, a sami ɗan gibi na iska, sai wani kaso na hasken ya juya da baya ya koma ya rikita na'urar da ta aiko shi. Mahaɗi mai tsabta ba ya cin fiye da rabin desibel. Mai datti yana iya cin desibel 3, watau ɓarnar da zare mai tsawon kilomita 15 zai yi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ɓarnar da ba ta gyaruwa. Da yake wurin da fuskokin ke haɗuwa ƙanƙane ne ƙwarai, matsin da ke kansa yana da yawa. Idan ƙwayar yashi ta shiga tsakani, sai ta farfashe, ta karce gilashin ko ta nutse cikinsa. Daga nan babu gogewar da za ta yi magani, sai dai a yanke a sa sabo. Har wa yau, datti yana yaɗuwa kamar ƙazuwa: ma'aikaci ya cire wayar gwajinsa daga rami mai datti ya soka a mai tsabta, ya bi gidaje goma da ita, ya bar wa kowane gida rabonsa. A manyan layukan da ake ƙara wa haske ƙarfi kuwa, dattin yakan ƙone ya manne a fuskar gilashi.

Ga mai gida ko mai shago, lissafin yana da sauƙi. A tsarin GPON da ake kai intanet gidaje da shi, jimillar asarar da aka saba ƙyalewa tsakanin ofishin kamfani da akwatin gida desibel 28 ce. Na'urar da ke raba zare ɗaya ga gidaje 32 ita kaɗai tana cin kusan 17. Abin da ya rage shi za a raba wa tsawon zare da dukkan mahaɗan da ke hanya. Mahaɗi biyu ko uku masu datti sun isa su cinye shi. Wani lokaci jar fitila takan kama a akwatin, a san an yanke. Sau da yawa kuwa layin ba ya mutuwa, sai dai ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, kuma irin wannan ciwo ya fi wuyar ganewa.

4.0 Yanayin Oshodi

Oshodi mahaɗar hanyoyi ce. Nan titin Agege ya gamu da babban titin da ya taso daga Apapa, nan aka buɗe babbar tashar motoci a 2019, kuma jirgin ƙasa na jan layi da aka ƙaddamar a 2024 yana tsayawa a nan da Ikeja da Agege. Hayaƙin tireloli da danfo da janareta yana da maiƙo, shi kuwa maiƙo yakan shimfiɗu a fuskar gilashi ya kama duk ƙurar da ta zo wucewa. Ga laimar iskar teku mai gishiri kusan duk shekara, ga ruwan damina da ke cika ramukan da wayoyi ke bi. Daga Disamba zuwa Janairu kuma hazon hunturu yakan iso har Legas. Da wuya a sami wurin da ya tara maƙiyan mahaɗi kamar wannan.

Hausawan Agege, waɗanda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka kafa zangonsu tun farkon ƙarni na ashirin, abin ya shafe su kai tsaye. Dillalin shanu a mayankar Oko-Oba da ɗan canji da mai na'urar cirar kuɗi, yawancin cinikinsu ta waya ake biya. Ko wayar hannu ce aka yi amfani da ita, saƙon daga turken sadarwa yakan faɗa cikin zaren haske ne kafin ya kai banki. Idan kuɗi suka maƙale a hanya, mai saye ya ce ya tura, mai sayarwa ya ce bai gani ba, amana ce ke taɓuwa, ita ce kuwa jarin ɗan kasuwa.

5.0 Hanyar Tsabtacewa

Ƙa'idar ita ce a duba, a goge idan da datti, a sake dubawa, sannan a haɗa. Ana dubawa ne da madubin da ke ƙara girman fuskar sau 200 ko 400, kuma ma'aunin IEC 61300-3-35 ya kasa fuskar da'ira-da'ira, ya fi tsananta wa da'irar ɓargo. Ba a leƙa bakin zare da ido, domin hasken da ke ciki ba ya ganuwa amma yana iya lahanta ido. Madubin da ke nuna hoto a allo ya fi aminci.

Ana fara wa ne da busasshiyar guga, da wani abu mai kama da alƙalami wanda ake dannawa ya ja sabon ƙyalle a kan fuskar, ko da ƙyallen musamman marar burbushi. Gugar ta zama sau ɗaya, ta fuska ɗaya, kuma ba a komawa inda aka riga aka goga. A lokacin hunturu busasshiyar guga tana da illa, domin takan sa fuskar ta riƙa jan ƙura, kamar yadda biro ke ɗaukar guntun takarda idan an goga shi a gashi. A nan, da kuma inda maiƙo ya kama, sai a ɗan jiƙa ƙyallen da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 99, a ja mahaɗin daga jiƙaƙƙen wuri zuwa busasshe. Sifirit na kemis bai dace ba saboda ruwan da ke cikinsa. Shi kansa aisofurofil yana zuƙar laima, don haka kwalbar da aka bari a buɗe a iskar Legas ta fara lalacewa, kuma idan aka bar shi ya bushe da kansa yakan bar zobe a fuskar.

Abubuwa biyu ake yawan mantawa. Na ɗaya, sabon mahaɗi ba lallai ba ne ya zama mai tsabta, domin 'yar hular robar da ke bakinsa kariya ce daga karcewa, ita kanta tana iya ɗauke da datti. Na biyu, kowace haɗuwa fuska biyu gare ta, kuma wadda ke ɓoye cikin ramin na'ura ita ma tana buƙatar dubawa.

Hura baki da gogawa a gefen riga, waɗanda ake gani wurin wasu masu hawa tsani, suna ƙara yawu da gumi da zaren auduga ne a kan ƙurar da ke nan. Sai dai bai kamata a ɗora wa yaron da ke kan tsani laifin duka ba. A Cappa da ke Oshodi akwai reshen cibiyar Digital Bridge Institute, wadda Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta kafa a 2004, a harabar tsohuwar makarantar horon NITEL, kuma ana horar da ma'aikatan sadarwa a wurin. Amma da yawa daga cikin masu ja da haɗa waya a unguwanni a hannun maigidansu suka koyi aikin. Inda kuma ɗan kwangila ke biyan su bisa yawan gidajen da suka haɗa a rana, bai kuwa ba su madubi ba, minti biyun da dubawa ke ci asara ce a wurinsu, mai shagon da layinsa zai riƙa ɗaukewa bayan wata uku kuma ba zai san daga inda cutar ta shigo ba.