Askirim a Gwarzo Cikin Bazara

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, cikin bazarar bana na taso daga Kabo da jikokina uku, muka sauka Gwarzo. Da rana ta take, sai yara suka ja ni wani kanti inda ake sayar da askirim, watau madara da sukari da aka daskarar.

Su dai suka ce ya yi daɗi. Ni kuwa da na ɗanɗana sai na ji ƙanƙara ƙaras-ƙaras a haƙori, kamar tsakuwa cikin tuwo. Na ƙwarai laushi gare shi. Wannan kuwa ya narke ne sa'ad da aka ɗauke wuta, aka sake daskarar da shi. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kaɗai yake yi, in madara ta ɗumama sai ta farka ta hayayyafa.

Na juya robar, babu lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin tsaron abinci da magani. Mai kanti ya ce man janareto ya yi tsada. Na gaskata shi, amma ɓoye aibin haja algus ne, malamai kun fi ni sani. Na biya shi kuɗinsa, na karɓe na hannun yara suna kuka, muka nufi wajen masu fura da nono.