Kiran shirin waje daga cikin rumbun bayanai: misalin awon gaɓoɓin Hausa

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tara kalmomin ƙamus ko matanin bincike cikin kwamfuta ya san akwai tambayoyin da rumbun bayanai yake amsawa nan take, akwai kuma waɗanda suke gagarar sa. In an ce ya fiddo kalmomin da suka fara da ƙ, ba ya ɓata lokaci. In kuwa an ce ya fiddo sunaye masu gaɓa biyu, ta farko sassauƙa ta biyu nannauya, sai ya tsaya, domin harshen SQL da ake yi masa tambaya da shi bai san mece ce gaɓa ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin warware wannan matsala ita ce a rubuta ƙa'idar harshen cikin wani shiri na dabam, a bar rumbun ya dinga kiran sa duk sa'ad da ya bukata.

A cikin wannan ƴar maƙala za mu bayyana yadda ake wannan kira, da abin da mai nazarin harshe yake ɗora wa kansa in ya zaɓe shi. Abin da muke son nunawa shi ne, daga ranar da aka shigar da ƙa'idar harshe cikin rumbu ta wannan hanya, amincin sakamakon bincike ya rataya ga shirin da rumbun ba ya iya duba cikinsa.

1. Ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su

Ajiyayyen aiki, wanda ake ce wa procédure stockée da Faransanci, jerin umurni ne da aka ba suna aka ajiye cikin rumbun kansa, kusa da bayanan. Maimakon kowane ɗalibi ya rubuta nasa umurni na shigar da sabuwar kalma, sai kowa ya kira wannan aiki guda, shi kuwa ya duba kalmar ya ajiye ta a kan ƙa'ida ɗaya. Kowane babban rumbu da harshensa na rubuta irin waɗannan ayyuka: PL/SQL a Oracle, Transact-SQL a SQL Server, PL/pgSQL a PostgreSQL.

Juyayyen shiri kuwa shi ne wanda aka rubuta da harshe irin C, sa'an nan aka juya shi gaba ɗaya zuwa harshen inji tun kafin a yi aiki da shi. Ana ajiye shi cikin fayil na musamman, mai ƙarshen .so a Linux, mai ƙarshen .dll a Windows. Mun ce masa na waje don ba ya cikin rumbun. Abin da rumbun ya sani game da shi kaɗan ne: inda yake, sunan aikin, abin da za a miƙa masa da abin da zai maido.

Dalilai biyu ke sa a nemi irin wannan shiri. Na farko sauri: aikin da ake bin kalma baƙi bayan baƙi, a maimaita shi kan kowane layi na babban jadawali, ya fi gudu cikin C nesa ba kusa ba. Na biyu, kuma shi ya fi shafar mu, sau da yawa kayan aikin sun riga sun wanzu. Foma, wanda Mans Hulden ya gabatar a 2009 don nazarin ginin kalma, da C aka rubuta shi. Wanda ya riga ya tsara ƙa'idojin jam'i ko na aikatau cikinsa ba zai so ya sake rubuta su da PL/pgSQL ba.

2. Misali: awon nauyin gaɓa

An san gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, wadda ita ce sassauƙa; baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali; da baƙi, wasali, baƙi. Biyun ƙarshe nannauya ne. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, dole jadawalin ƙamus ya kasance da gurbin lafazi inda ake ninka dogon wasali. Muna son aikin da za a ba shi lafazi ya maido awonsa, S a madadin sassauƙa, N a madadin nannauya:

(1) garii (birni) → SN
(2) gaarii (na hatsi) → NN
(3) makarantaa → SSNN
(4) jaami'aa → NSN

Ƙa'idar tana da sauƙin faɗi, amma shirin yana bukatar sanin abubuwan da mai jin Hausa ba ya ma lura da su. Dole ya ɗauki sh da ts da gy da ƙw a matsayin baƙi guda. Dole ya san cewa a Is'haƙu alamar ɗauri ta raba s da h ne, a jaami'aa kuwa ita kanta baƙi ce mai buɗe gaɓa. A tsattsafi, t na tsakiya rabin ts ne da aka ninka. Sa'an nan baƙin da muke rubutawa ƴ a Nijar, Nijeriya tana rubuta shi 'y, kuma matanin ƙasashen biyu sukan haɗu cikin rumbu ɗaya.

Bayan an rubuta shirin da C an juya shi, sai a gabatar da shi ga PostgreSQL kamar haka:

(5) CREATE FUNCTION nauyin_gaba(text) RETURNS text
AS 'hausa_gaba', 'nauyin_gaba'
LANGUAGE C STRICT IMMUTABLE;

Suna na farko bayan AS na fayil ne, na biyu na aikin da ke cikinsa. STRICT yana nufin in gurbin lafazi fanko ne, kada ma a kira shirin. Za mu koma kan IMMUTABLE a sashe na 4. Daga nan ajiyayyen aikin shigar da kalma yana iya kiran nauyin_gaba kamar kowane aiki na rumbun, ya ƙi karɓar lafazin da bai rabu gaɓa-gaɓa ba, kuma mai bincike yana iya tambaya:

(6) SELECT kalma FROM kamus WHERE nauyin_gaba(lafazi) = 'SN';

A karo na farko da aka kira aikin cikin zaman aiki, PostgreSQL yana ɗora fayil ɗin cikin ƙwaƙwalwa, ya bar shi nan har ƙarshen zaman. Tun bugu na 8.2, na shekarar 2006, tilas ne fayil ɗin ya ƙunshi wata shaida mai suna PG_MODULE_MAGIC, wadda rumbun yake dubawa don ya tabbata an juya shirin daidai da bugunsa. In ba su dace ba, ya ƙi ɗora shi. Ke nan duk lokacin da aka koma wani babban bugu, sai an sake juya shirin.

3. Ina shirin yake zaune sa'ad da yake aiki?

A nan ne rumbunan suka rabu, kuma rabuwar tana da muhimmanci. PostgreSQL, wanda ya samo asali daga aikin Michael Stonebraker a jami'ar Barkili ta Amurka tun 1986, yana shigar da baƙon shirin har cikin ɗakinsa. Kowane mai amfani da ya haɗu da uwar garke ana ba shi ma'aikaci guda, watau wani shiri mai gudana domin shi kaɗai, kuma cikin wannan ma'aikaci ne shirin C yake gudu. Babu wata katanga tsakaninsu, shi ya sa kiran yake da sauri. Amma dukan ma'aikatan suna tarayya a wani yanki na ƙwaƙwalwa. In shirinmu ya taɓa inda bai kamata ba har ma'aikacin ya faɗi, babban shirin ba zai iya tabbatar da lafiyar wannan yanki ba. Sai ya sallami dukan sauran ma'aikatan, ya farfaɗo da rumbun daga littafin ayyukansa. Abin da aka riga aka tabbatar ba ya ɓacewa, amma duk wanda yake tsakiyar shigar da bayanai ya yi hasarar abin da bai kammala ba. Kuskuren mutum ɗaya ya shafi sashe duka. Saboda haka ne sai babban mai kula da rumbu kaɗai ke da ikon gabatar da aikin C.

Oracle ya bi wata hanya tun bugu na 8, na shekarar 1997. Ana gabatar da fayil da umurnin CREATE LIBRARY, amma shirin yana gudu ne cikin wani ma'aikaci na dabam mai suna extproc, wanda ba ya tarayya da rumbun a ƙwaƙwalwa. Rumbun yana aika masa da tambaya ya jira amsa. In ya faɗi, kiran nan kaɗai ne ya lalace, mai amfani ya ga saƙon kuskure, sauran jama'a su ci gaba da aikinsu. Kuɗin wannan kariya shi ne jinkiri, don kowane kira sai ya yi tafiya da dawowa, kuma in layukan suna da yawa jinkirin yana taruwa.

SQL Server ya fara da hanyar farko, inda fayil .dll yake gudu cikin uwar garke. A bugun 2005 Microsoft ya kawo hanyar rubuta irin waɗannan ayyuka da harsunan .NET, waɗanda injinsu yake sa ido kan ƙwaƙwalwa, kuma ya shawarci masu shiri su bar tsohuwar hanya.

4. Inda kuskure yake ɓuya

Wuri na farko shi ne ƙidayar baƙaƙe. Harshen C bayit yake ƙidaya, ba baƙi ba. A tsarin UTF-8 baƙaƙen boko marasa ƙugiya bayit ɗaya ne kowanne, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ bayit biyu-biyu ne. Kalmar ƙasa baƙaƙe 4 ce, bayit 5. Ɗaɗɗaya baƙaƙe 7 ce, bayit 10. Shirin da ya tanadi wuri bisa yawan baƙaƙe zai zuba abin da ya fi wurin, kuma wannan shi ne irin kuskuren da ke ka da ma'aikaci kamar yadda muka bayyana a sama. Alamun karin sauti sun ƙara dagula lissafin, domin ana iya rubuta à da lamba guda, ko kuwa a da alamar da ke biye da ita. Ido ba ya bambanta su, shiri kuwa yana ganin abu biyu. Tun bugu na 13, na 2020, PostgreSQL yana da aikin normalize mai daidaita su, kuma ya kyautu a bi da lafazi ta cikinsa kafin a miƙa shi waje.

Haka nan shirin ba shi da ƴancin yin abin da ya saba yi a waje. Wurin ƙwaƙwalwa da palloc na rumbun ake neman sa, ba da malloc ba, don rumbun ya iya maido shi in tambaya ta ƙare ko ta katse. In an gamu da lafazin da bai bi ƙa'ida ba, da ereport ake sanar da rumbun, ba a kashe shirin.

Wuri na biyu ya fi haɗari don ba ya yin ƙara. Don tambaya ta (6) ta yi sauri, akan gina fihirisa kan sakamakon aikin:

(7) CREATE INDEX kamus_nauyi ON kamus (nauyin_gaba(lafazi));

PostgreSQL ba ya yarda da wannan sai an ce aikin IMMUTABLE ne, watau an yi alkawari cewa lafazi ɗaya amsa ɗaya zai bayar har abada. Rumbun ba ya da hanyar gwada alkawarin. Yana karɓar sa ne bisa amana. To, ƙa'idar mai nazarin harshe kuwa gyaruwa take yi. Mu ɗauka shirin farko alamar ɗauri iri ɗaya ya sani, miƙaƙƙiyar nan ta allon rubutu mai lamba U+0027, alhali wasu kalmomin an kwafo su daga matanin da ke da lanƙwasasshiya, U+2019, ko U+02BC. Aka gano, aka gyara shirin, aka sauya fayil. Fihirisar tana nan riƙe da tsofaffin amsoshi. Tambayar da ta bi ta fihirisa za ta ba da adadi ɗaya, wadda ta bi jadawali layi-layi ta ba da wani, ba tare da saƙon kuskure ko ɗaya ba. Ɗalibin da ya ƙirga kalmomi masu awon NSN ya sa adadin cikin kundin digirinsa ba shi da abin da zai sa ya yi shakka. Maganin umurni ɗaya ne, REINDEX, amma sai wanda ya san da matsalar zai ba da shi.

Irin wannan ya taɓa faruwa a fili. A 2018 bugu na 2.28 na glibc, laburaren da yawancin tsarin Linux suke dogara da shi, ya sauya ƙa'idojin jera baƙaƙe. Rumbunan PostgreSQL da aka mayar kan sabon tsarin ba tare da sake gina fihirisa ba sun shiga haɗarin kasa gano layukan da suke nan a ajiye. Shirin waje ne ya sauya, rumbun bai sani ba.

5. Kammalawa

Kafin a rubuta layi ɗaya na C, ya kamata a duba ko rumbun bai riga ya iya aikin ba. Jera kalmomi bisa abacada misali ne. In aka bi lambobin Unicode kawai, baƙaƙe masu ƙugiya duka bayan z suke faɗawa, har ƙ ta riga ɓ. Amma tun bugu na 10, na 2017, PostgreSQL yana aiki da laburaren ICU, wanda yake da jerin Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t, ƴ bayan y. Wannan bukata ta daina zama dalilin kiran shirin waje. Haka kuma aikin da sau ɗaya ake yin sa ga kowace kalma ana iya yin sa a waje gaba ɗaya, a zuba sakamakon cikin gurbi, tare da lambar bugun ƙa'idar da ta haife shi.

In kuwa kiran ya zama dole, muna ba da shawara kamar haka. A gwada shirin a waje da jerin kalmomi masu wuya, irin na sashe na 2, kafin ya kusanci rumbu, sa'an nan a gwada shi kan kwafin rumbun. A ajiye rubutunsa na asali wuri ɗaya da bayanan, domin kwafin ajiya na PostgreSQL umurni na (5) kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar fayil ɗin, kuma rumbun da aka maido ba tare da shi ba ba zai iya gina fihirisar (7) ba. Duk gyaran ƙa'ida a rubuta ranarsa, a sake gina fihirisa a ranar. Duk adadin da aka buga cikin maƙala ko kundi a faɗi bugun shirin da ya fiddo shi, kamar yadda muke faɗin karin harshen da muka yi nazari da garin da muka ɗauki magana.