Kafin Ka Sayi Tsohuwar Motar Italiya Don Ka Tashe Ta

Wayar hannu ta kawo mana wata sabuwar sha'awa. Ana nuna Bature ya jawo mota daga cikin ciyawa, an wanke, an yi walda, an fesa jan fenti, cikin minti goma ta fito tana sheƙi. Daga nan sai matashi a Dutsin-Ma ko Kurfi ya fara lissafi: idan na samu irin wannan da araha a Kano ko Kaduna, ai na huta. Abin da ba a nuna masa shi ne watannin da aikin ya ci, da kuɗin da sau da yawa ya ninka na sayen motar.

Waɗanda suka fi jan hankali su ne ƙananan motocin Italiya masu kujera biyu da rufin tamfol, irin su Alfa Romeo Spider da Fiat 124 Spider. Dukansu sun fito a 1966, kuma kamfanin Pininfarina ne ya zana siffarsu. Kyau kam akwai shi, ba musu. Amma motocin Italiya na shekarun 1970 sun yi ƙaurin suna wajen tsatsa. A 1980 sai da kamfanin Lancia ya riƙa sayen motocinsa ƙirar Beta daga hannun masu su a Ingila saboda ƙarfen da ke riƙe injin yana ruɓewa.

Wani zai ce ai mu nan ƙasarmu busasshiya ce, ina ruwanmu da tsatsa? Motar ba a nan ta yi ƙuruciyarta ba. A Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ciki. Wurin da ya fi haɗari shi ne dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. Mota marar rufin ƙarfe a kansa ta dogara. Idan ya ruɓe, tsakiyarta sai ta lotsa, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Don haka kada fenti ya ruɗe ka. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, ka bi jikin motar da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, fanabita ya cike rami da fila ne. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka leƙa mazaunin safaya taya a but, ka kwanta ka danna ƙarfen ƙasa da sukundireba. Mai motar zai ɓata rai. Bari ya ɓata.

Abin da tsatsa ta bari kuma rana tamu ta ƙarasa shi. Motar da ta shekara biyar a bayan gida a kan duwatsu, duk robar da ke jikinta ta bushe: tiyon birki, tiyon lagireto, bel, robar gilashi. Fetur ɗin da ya kwana a tanki ya zama danƙo ya toshe kaburato, ɓeraye sun gaigaye waya. Kada ka yarda a ce "batir kawai take so". Injin Alfa na alminiyon ne, kuma alminiyon ba ya jure zafin da ya wuce kima; idan ya taɓa tafasa, kan injin yana iya lanƙwasa. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga farin kumfa mai kauri a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai. Ita kuwa Fiat 124 da bel take juya bawul, kuma tsohon bel idan ya tsinke injin na aiki, asarar ba ƙarama ba ce.

Sai babbar tambaya: wa zai gyara, kuma da me? Makanikanmu gwanaye ne a kan Golf da Toyota da Fijo, domin su suke gani kullum. Kaburato biyu na Weber da ake daidaita su su yi numfashi tare, ba kowa ya taɓa kwance su ba, kuma a kan motarka zai koya. Kayan gyara ba lalle ka same su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba. Gaskiya ne an taɓa haɗa Fiat a Kano, amma manyan motocin ɗaukar kaya ne, ba abin da ya haɗa su da wannan. Sai dai ka yi oda daga waje da Yuro ko Dala, kuma kowa ya san inda Naira ta kwana tun 2023. Ko an gama gyaran, mota ce da cikinta ke kusa da ƙasa. Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma za ta iya tafiya a kan kwalta, amma ka sauka zuwa ƙauye da damina ka gani.

Takardu ma a duba su da idon basira. Tun farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk wadda aka ce maka ta biyo ta Maraɗi da Jibiya, ka nemi takardar kwastam ka tantance ta. Ka tabbata lambar casis ta jikin ƙarfe ta dace da ta takarda. Mai sitiyari a dama, irin ta Ingila, doka ba ta yarda da ita ba, domin tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Idan motar gado ce, ka tabbata magada sun amince a rubuce, a gaban shaidu. Tura kuɗi kan hoto kuwa cinikin biri a sama ne.

A ganina, wanda sha'awar ta kama shi da gaske ya fara da Peugeot 504. An haɗa ta a Kakuri, Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, cikinta a sama yake, kayanta suna nan a kasuwa, kuma da wuya ka shiga gareji a Dutsin-Ma ka rasa dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashinta. Ka kai shi ya ga motar tun kafin ka yi tayi, ka biya shi kuɗin yininsa.