Lamba Tara daga Tbilisi: Shota Arveladze da Sana'ar Cin Ƙwallo

Ɗan wasan gaba yana iya shafe minti tamanin da tara ba a ji ɗuriyarsa ba, ya taɓa ƙwallo sau ɗaya, gari ya kwana da sunansa a baki. Mai tsaron baya ana auna shi da kuskuren da bai yi ba, shi kuwa lamba tara da raga kawai ake auna shi. Wanda ya san wannan sana'a ciki da bai a ƙasar Jojiya shi ne Shota Arveladze, haifaffen Tbilisi a 1973.

Ƙwallo gadon gidansu ce. Yayansa Revaz ya buga wa ƙasa, abokin tagwaicinsa Archil ma haka. Sai dai lokacin da ƙafarsa ta nuna a Dinamo Tbilisi, ƙasar ba ta zaune lafiya. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, aka yi ta ɓarin wuta a tsakiyar Tbilisi, yaƙin Abkhazia ya biyo baya. Mai sana'a dole ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi ci-rani. Shi da Archil suka gangara Trabzon, garin Turkiyya da ke gaɓar Baƙin Teku, ba nisa da iyakarsu. A kakar 1995-96 ya zura ƙwallo 25 wa Trabzonspor, babu wanda ya kai shi a gasar.

A 1997 Ajax ta saye shi, kuma a nan ne labarin ya taɓo mu 'yan Najeriya. Gefen dama na wannan ƙungiya Tijjani Babangida ne, ɗan Kaduna, mai gudu kamar walƙiya, Sunday Oliseh kuma yana tsakiya. Aikin mai bugun gefe kowa yana ganinsa: ya kwashi ƙwallo, ya yanke mutum, ya kwararo ta. Na lamba tara sai mai lura. Kafin ƙwallon ta taso yana laɓe a bayan kafaɗar mai tsaron baya, inda ido ba ya kaiwa. Ya yi taku biyu kamar zai nufi ƙarfen nesa, abokin karawarsa ya bi, sai ya karyo zuwa ƙarfen kusa. In ya yi gaggawa da rabin taku, mataimakin alƙalin wasa ya ɗaga tuta, an kama shi da satar gida. In ya makara, gola ya riga ya rungume. Arveladze ba ƙato ba ne, ba kuma shi ya fi kowa gudu ba. Abin da ya mallaka shi ne sanin wannan rabin taku, da natsuwar da ke hana mutum dukan ƙwallo sama alhali raga na buɗe. A kakarsa ta farko ya ci 25 a gasar Holan, Ajax ta haɗa kofin lig da na ƙalubale a hannun koci Morten Olsen.

Daga 2001 ya koma Rangers ta Glasgow. A ranar ƙarshe ta kakar 2002-03 suka lallasa Dunfermline 6-1, ɗaya tasa ce, suka sha gaban Celtic da tazarar ƙwallo ɗaya tak bayan maki ya zo daidai. Masu raina ƙwallo ta uku ko ta huɗu a wasan da aka riga aka yi nasara su tambayi magoya bayan Celtic.

Bayan nan ya yi AZ Alkmaar ƙarƙashin Louis van Gaal, sannan Levante ta Sifaniya, inda rauni ya ci ƙarfinsa ya rataye takalma a 2008.

Ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 26 a wasa 61, amma bai taɓa taka wata babbar gasa ba. A ganina wannan ba gazawarsa ba ce. Ɗan gaba ba ya aiko wa kansa ƙwallo. Sai a 2024 Jojiya ta je gasar Turai karon farko, ta doke Fotugal 2-0, Georges Mikautadze ya ci uku a gasar.

Shi kuwa Shota ya koma benci yana koyarwa: Kayserispor, Kasımpaşa, Maccabi Tel Aviv, da Pakhtakor ta Uzbekistan inda ya ɗauki kofin lig. Hull City ta Ingila ta ɗauke shi a Janairun 2022, ta kuma sallame shi a ƙarshen Satumba, sa'o'i kaɗan kafin wasansu da Luton.