Nauyin Aikin Injin Lantarki: Ƙiyasinsa da Kalmominsa a Hausa

A littattafan yaƙi da jahilci da ake tanadar wa masu kula da injunan niƙa da famfunan ban ruwa, fassarar kalmar Faransanci "charge" tana jawo ruɗani. Wasu sun ɗauki "caji", alhali Bahaushe ya riga ya keɓe ta ga cika batir. Abin da ake nufi shi ne gwargwadon aikin da inji yake yi idan an kwatanta da iyakar ƙarfin da aka rubuta a allon jikinsa. Saboda haka muke ba da shawarar "nauyin aiki".

Sanin wannan nauyi yana da amfani, domin injin lantarki ya fi tattalin wuta idan nauyin aikinsa ya kai wajen kashi 75 cikin 100. Idan ya yi ƙasa da rabi, hasara takan ƙaru. Ƙungiyar manoma da ta sayi injin da ya fi ƙarfin aikinta ta biya tsadar saye, kuma kowane wata tana biyan wutar da ba ta amfane ta ba.

Hanyoyin ƙiyasi uku ne. Ta farko, wadda ta fi inganci, ita ce auna kilowat ɗin da injin yake ci. Ta biyu ita ce auna amper ɗin da yake ja, sai dai tana yaudara idan nauyi kaɗan ne, domin ko babu aiki injin yana jan wuta don haɗa maganaɗisu. Ta uku ita ce ƙidayar juyi. A wuta mai sauyi 50 a daƙiƙa, irin ta Nijar, maganaɗisun inji mai kai huɗu yana juyi 1500 a minti, sandar injin kuwa tana ɗan baya da haka. Idan allo ya nuna 1450, giɓin cikakken nauyi 50 ne. In aka auna aka sami 1475, giɓin 25 ke nan, wato injin yana ɗauke da kusan rabin nauyinsa. Wannan hanya kimantawa ce kawai, domin akan cike lambar allo, kuma hawa da saukar wuta suna taɓa ta.

Wannan giɓi shi ne "glissement" a Faransanci. Fassara shi da "zamewa" za ta sa mai niƙa ya zaci bel ne ya saki. Mun fi son "giɓin juyi", kuma muna roƙon masu tsara darussa su gwada kalmomin biyu a gaban ma'aikata kafin a buga su.